Filin Sana'ar Hannu: Yadda Ake Gyara Bakin Kati

Ga mu kuma a filinmu na sana'ar hannu. Wannan wata maganar kwali za mu yi. Kwalin nan da muke zubarwa kullum: na sukari, na shayi, na sabulu. Wanda ya koyi rubutu a ajin yaƙi da jahilci yana iya mai da shi kati. Kati shi ne ɗan guntun kwali mai tsabta da ake rubuta gaisuwa a kai, ko barka da salla, ko gayyatar biki da suna. Rubutun dai kun iya shi. Abin da ya rage shi ne gyaran bakin katin, wato gefensa huɗu. Nan ne ido yake fara sauka. Nan ne yatsa yake fara taɓawa.

Wani zai ce: me za a yi da kati, ga salula a aljihu? Gaskiyarsa. Salula ta fi sauri. Amma ranar da ta faɗa rijiya, saƙon ya bi ta. Katin da ɗa ya aiko wa uwarsa daga Arlit kuwa, tana ajiye shi cikin adaka shekara da shekaru. In baƙo ya zo ta fito da shi a karanta mata.

Akwai kuma maganar abin sawa a baka. An kafa garin Arlit a 1969 saboda ƙarfen yuraniyom. Kamfanin Somair ya fara fitar da shi a 1971. Daga baya aka gina Akokan saboda ma'aikatan Cominak, wanda ya fara aiki a 1978. Ranar 31 ga watan Maris 2021 aka rufe ramin Cominak. Ma'aikata wajen 600 suka bar aiki, ban da na ƴan kwangila. Kowane ɗayansu yana da iyali, yana da ƴan uwa a ƙauye ko a ruga masu jiran aike. Ba mu ce kati zai maye albashi ba, kada a ji mu ba daidai ba. Amma sana'ar da jarinta kwali ne da almakashi, ba a raina ta.

To, wa zai saya? Kada ku sa rai da baƙi ƴan yawon buɗe ido. Sun ragu ƙwarai tun tawayen 2007, da kuma sace mutum bakwai da aka yi a Arlit cikin watan Satumba 2010. Masu sayen suna kusa da ku. Mai aurar da ƴa yana son katin gayyata. Maƙerin azurfa yana son ɗan kwali mai kyau da zai maƙala ƴan kunne ko sarƙar Agadas a kai, ya rubuta sunansa da garinsa. Mai ɗinkin fata ita ma haka. Ga taron makiyaya na Ingal a ƙarshen damina, ga bikin Ayar a Iferwan, ga kasuwar sana'ar mata ta SAFEM a Yamai. Kayan da aka ɗora a kan kati mai kyau sun fi shiga ido bisa ga waɗanda aka zube a tabarma.

Me ya sa ake ɓata bakin sabon kwali?

Tambaya ce mai kyau. Abin yana da asali.

A da can, da hannu ake yin takarda. Ana daka tsumma cikin ruwa har ya zama kamar kunu. Sai a tsoma wani abu mai kama da rariya, a ɗebo, ruwa ya tsiyaye, a shanya. Bakin irin wannan takarda ba ya miƙewa sak. Yana fitowa siriri, da ɗan gashi-gashi. Irinta ce fatake suke ɗaukowa a kan raƙuma daga Tarabulus, su ratso hamada, su biyo ta Ayar zuwa Kano. A ƙasar Italiya ake yin ta. In an ɗaga ta a rana, ana ganin hoton jinjirin wata uku a ciki. Wani Bajamushe matafiyi, Heinrich Barth, wanda ya kira kansa Abdulkarim, ya sauka Agadas a 1850. Da ya isa Kano a 1851 ya tarar da takardar mai wata uku cikin hajar kasuwa, ya rubuta haka a littafinsa.

A kan irinta malamanmu suka rubuta Alƙur'ani da littattafai, warƙa-warƙa, ba ɗinki. Ana haɗa su tsakanin bango biyu, a ɗaure da tsirkiyar fata, a sa cikin gafaka. Ku dubi na tsohon malami in kun sami dama. Tsakiyar takardar da sauran haske. Bakinta kuwa ya yi ja-ja, ya yi laushi, kusurwa ta lanƙwashe. Zufar hannu ce, da hayaƙi, da ƙura, da shekaru.

A 1799 wani Bafaranshe, Louis-Nicolas Robert, ya sami takardar shaidar ƙera injin yin takarda. Daga nan inji ya riƙa fitar da ita da yawa, wuƙar inji tana yanke bakinta sak. Da kowa ya sami mai miƙaƙƙen baki, sai mutane suka koma sha'awar mai gashi-gashi. Ɗan Adam ke nan! A Turai da Amurka har kantuna ake buɗewa na kayan wannan aiki. Suna sayar da wani ɗan ƙarfe mai tsaga da ake kankare baki da shi. Kamfanin Ranger na Amurka yana yin wata tawada mai suna Distress don a mai da sabuwar takarda kamar tsohuwa. Mu kam ba mu da bukatar ko ɗaya. Abin da suke saye da tsada, yana nan cikin gidajenmu.

Zaɓen kwali da yanka

Takardar littafin lakwal ta yi siriri, ba ta jure kankara. A nemi mai kauri. Masu kantin takardu suna sayar da wani farin kwali da suke kira biristol. In babu, kwalin sukari ko na shayi ya isa. A buɗe shi, a yanke wurin da ya yi maiƙo. A yanko biyu daidai da juna, a shafa ƙaro a fuskar da take da rubutun kamfani, a haɗa su fuska da fuska. A danne da dutse mai faɗi har ya bushe. Yanzu ciki da waje duk babu rubutu. Ƙaro ya fi kunun fulawa, don fulawa tana kiran gara da kyankyaso.

Girman da ya fi dacewa shi ne santimita 10 da rabi a faɗi, kusan 15 a tsawo. Wannan yana shiga ambulan ba wahala. Wanda ba shi da abin awo, ya naɗe farar takardar ofis sau biyu, gida huɗu. Gida ɗaya shi ne awon.

Ga wani abu da mutane da yawa ba su sani ba. Kwali yana da hanya, kamar yadda itace yake da hanyar faskare. Ku gwada da guntu. Ku yage shi ta tsawo, ku yage ta faɗi. Ta wani wajen zai tafi sak kamar ana tsaga kaba. Ta ɗayan wajen zai yi ta karkacewa. In za a naɗe kati biyu, a naɗe shi bisa hanyarsa, in ba haka ba bayansa ya tsattsage. Kafin a naɗe, a ja layi da bayan wuƙa ko gindin cokali, ba da kaifi ba.

Yaga, kankara, guga

Hanya mafi sauƙi ita ce yaga da hannu. A ɗora katin fuskarsa tana sama. A danne da hannun hagu. A kama ɗan bakin da hannun dama, a jawo shi wajen ƙirji sannu-sannu. In an jawo wajen ƙirji, cikin kwalin yana bayyana a bakin katin kamar ɗan layi fari ko toka-toka. In an tura shi gaba, ba ya bayyana. Kowanne da kyansa, amma a zaɓi ɗaya a yi gefe huɗu da shi. Babban yatsa ya riƙa bin yagar kusa-kusa, kamar mai jan akalar raƙumi. In yatsa ya yi nisa, yagar za ta shige tsakiyar kati.

Wanda yake son baki mai laushi irin na takardar da, ya yi da ruwa. A tsoma gashin kaza ko alƙalamin kara a ruwa, a ja layi a inda ake so a yage. A jira kaɗan ruwan ya shiga. Sai a ja gefe biyu a hankali. Bakin zai fito da zare-zare kamar auduga. Mu a nan arewa iska busasshiya ce, ruwan ba ya daɗewa. Saboda haka a yi gefe ɗaya a gama, kana a jiƙa na biyu.

Kankara ita ce ta fi dacewa da kwali mai kauri. A buɗe almakashi, a riƙe kati a hannun hagu, a ɗora kaifi ɗaya a tsaye bisa bakin, a riƙa ja kamar mai kankare fata. Ba yanka ake yi ba, karcewa ake yi. Bakin zai tashi, ya yi burtsi-burtsi. A ƙara ƙarfi a kusurwa, don a tsohuwar takarda ma kusurwa ce take fara ci. Tsohuwar aska ko wuƙa da ta dakushe ta fi sabuwar reza. Reza tana yanka kwali, tana yanka yatsa. A riƙa jan wuƙa waje, ba wajen jiki ba. Kada a ba yaro ƙarami wannan aiki.

Matan maƙera na Ayar da dukawanmu sun riga kowa sanin wannan. Ku zauna kusa da mai ɗinkin jakar raƙumi ku gani. Tana fefe bakin fata ya yi siriri, ta tsaga shi geza-geza, ta shafa masa launi dabam da na tsakiya. Ba ta barin baki haka nan, ko da jakar ƙarama ce. Mai kati ma yana iya tsaga geza da almakashi a gefen ƙasa, ko ya huda ƙananan ramuka a jere da basilla, ya zura zaren fata.

Bayan kankara sai guga. Dutsen goge kaushi yana yi. Magagarin maƙeri yana yi, in kwalin mai kauri ne sosai. Ana kuma iya yin abin guga a gida: a shafa ƙaro mai kauri a kan guntun kwali, a barbaɗa tankaɗaɗɗen rairayi, a shanya. In ya bushe, ya zama kamar takardar da kafinta yake goge katako da ita. A goga bakin kati da shi sau uku ko huɗu. Ya isa.

A nan sai mun tsaya mun ja kunnen mutanen Arlit da Akokan, da makiyayan da suke zuwa cin kasuwa can. Ƙasar da ake haƙowa daga ramin yuraniyom, da ƙarafan da suka yi aiki a masana'anta, suna iya ɗauke da wata guba. Ido ba ya ganinta, hanci ba ya jin ta, wanki ba lalle ya fitar da ita ba. Na'ura ce kaɗai take nuna ta. A 2003 masana na wata ƙungiyar Faransa mai suna CRIIRAD sun tarar da irin waɗannan ƙarafa ana sayarwa a kasuwar Arlit. A watan Nuwamba 2009 ƙungiyar Greenpeace ta sake samun irinsu, ta kuma sami gubar a wasu titunan Akokan. Ƙungiyar Aghirin'man ta mutanen garin ta daɗe tana faɗakarwa a kan haka. Aikinmu na kankara da guga yana tayar da ƙura, ga fuska kusa da hannu. Don haka kada a ƙera wuƙar aiki da guntun ƙarfen da ba a san inda ya fito ba. Kada a ɗebi rairayi kusa da tarin ƙasar rami ko a bakin titi. A ɗebo daga ƙorama, can nesa a daji. Almakashin kanti da tsohuwar wuƙar gida sun wadatar.

Launi

Sai an gama kankara ake sa launi. Dalili shi ne, bakin da aka karce ya fi shan ruwa. Shi zai yi duhu, tsakiya ta zauna da haskenta. Wannan bambanci shi ne kyan abin.

Shayi shi ne na farko, don babu gidan da babu shi. A dafa ganye ya yi ƙarfi kamar na zubin farko. Amma kada a sa sukari! Kati mai sukari yana danƙo, kuma tururuwa za ta riga mai shi karantawa. Shayi yana ba da launin ƙasa mai haske. In ana son ya ƙara duhu, a bari ya bushe a sake shafawa.

Goro ma yana yi. A gurza shi, a jiƙa cikin ruwa kaɗan, a tace. Launinsa kun san shi, har sunansa ya ci: ruwan goro. Lalle yana ba da ja mai duhu. Karan dafi da dukawa suke rina jar fata da shi yana kama kwali sosai. Kuloko, wato baƙin rinin dukawa, shi kam a yi hankali da shi. Akwai ƙarfe a cikinsa, kuma yau da gobe yana cin takarda. Ɗan kaɗan a can bakin ƙarshe ya isa.

Wanda yake da tsohon rawani na turkuɗi, irin wanda ake rinawa a Kura ta ƙasar Kano, ya goga shi a bakin kati. Yadda yake barin shuni a goshin mai shi, haka zai bari a kwali, da ɗan ƙyalli. A ganinmu babu launin da ya kai wannan dacewa da katin da ya fito daga Ayar. Wanda ya karɓa a Maraɗi ko Damagaram, tun bai karanta ba ya san daga inda aka aiko.

Garin gawayi yana ba da launin hayaƙi, sai dai yana ɓata hannu. A bi shi da ruwan ƙaro tsararo don ya zauna.

Ga yadda ake shafawa. A naɗa tsumma a yatsa, a tsoma, a matse har ya kusa bushewa. A faro daga waje, a jawo ciki kaɗan, kamar faɗin farce. Kada a tsoma katin dungum cikin kwano, zai kumbura ya rabu. In an gama, a sa shi tsakanin takardu biyu masu tsabta, a danne da dutse, a inuwa. In an shanya shi a rana zai lanƙwashe kamar busasshiyar fata, ba ya kuma miƙewa.

Wasu suna ƙona baki da wuta. Yana kyau in an iya, amma mu ba mu cika son sa ba. Kwali busasshe ne, iska tana kaɗawa, ga zana, ga bukka, ga ciyawar dabbobi. Wanda ya nace, kada ya yi da harshen wuta. Ya ɗauki garwashi ɗaya da awartaki, ya riƙa taɓa bakin kaɗan-kaɗan, da jiƙaƙƙen tsumma a kusa. A fili, ba cikin ɗaki ba.

Kuma kada a wuce gona da iri. Sabon hannu yakan yage, ya kankare, ya ƙona, ya zuba launi uku a kati ɗaya. Sai ya fito kamar abin da akuya ta tauna ta tofar. Hanya ɗaya da launi ɗaya sun isa.

Rubutu shi ne na ƙarshe, bayan kome ya bushe. In an rubuta kafin launi, ruwa zai watsa tawadar. A fara gwada kalmomin a wata takarda, a nuna wa malamin aji ya duba. Dabara mai kyau ita ce a yi rubutun a ƴar farar takarda, a yage bakinta, a shafa mata shayi, a manna ta a tsakiyar kwalin. In hannu ya kuskure, takardar kaɗai za a sake. Mai iya zane ya ƙara hasumiyar masallacin Agadas, ko raƙuman dawan nan da mutanen da suka sassaƙa a dutsen Dabus, tsakanin Agadas da Arlit. Mai iya tifinar ya rubuta gaisuwa da shi a gefe ɗaya, da Hausa a ɗaya gefen.

Takardun da ba a taɓawa

Wannan aiki na kati ne kawai. Takardar haihuwa, katin ɗan ƙasa, takardar gona, katin allurar yara da na dabbobi, duk ba a kankare su, ba a shafa musu kome. Haka takardar shaidar aiki da takardun fansho na waɗanda suka yi aiki a rami. In bakinsu ya yage ko hatimi ya ɓaci, ana iya ƙin karɓarsu a ofis, mutum ya yi ta kai da kawowa a kan hakkinsa. Su gyaran da suke so dabam ne. A yanko kwali biyu da suka ɗan fi su girma, a sa su tsakani, a ɗaure da zare, yadda malamai suke yi wa littattafansu. A ajiye nesa da ruwa da gara.

Haka nan wanda ya shafa wa sabon rubutu shayi da hayaƙi, ya kai wa baƙo ya ce littafin kakanni ne, wannan ba sana'a ya yi ba, zamba ya yi. Mai kati ya rubuta sunansa da garinsa da shekara a bayan kowane kati. Ta haka ne ma wanda ya gani ya yi sha'awa zai san inda zai neme shi.

Kafin ku taɓa kwali mai kyau, ku tara guntaye goma. Ku yage uku, ku kankare uku, ku goge saura. Ku shafa wa kowanne launi dabam, ku rubuta sunan launin a bayansa. Ku kai su aji ranar karatu, a jera a tabarma, kowa ya faɗi wanda ya fi so. Wanda ya sami wani launi daga itatuwan wajensu da ba mu ambata ba, ya rubuto mana ta hannun malamin ajinsu, za mu buga a wannan fili.

A wata mai zuwa, in Allah ya kai mu, za mu nuna yadda ake naɗa ambulan da takardar buhun siminti.